Ranar da Barista Ta Hau Jirgin Baba

Babana mai fito ne. Tun da na buɗe ido na gan shi da jirgi, dogon jirgin katako mai inji a gindi, yana ɗaukar mutane da buhunan albasa da awaki daga bakin ruwan Yelwa zuwa ƙauyukan gaɓar Ngaski, ranar kasuwa kuma har Wara. Ba shi kaɗai yake aikin ba. Yana da aboki, Bakambare ne Kirista, mutum mai faɗin kafaɗa da siririyar murya, mu yaran gida muna ce masa Baban Ngaski. Baba ke riƙe inji, domin shi ya san ruwa, ya san inda kututturan itatuwa suke ɓoye a ƙarƙashi. Baban Ngaski kuwa yana gaba, shi ke shirya kaya, shi ke zaunar da mutane, shi ke rarrashin matar da ta ga igiyar ruwa ta fara salati da ƙarfi.

Inna ce ta ba ni labarin haɗuwarsu. Baban Ngaski manomin albasa ne da can. Wata shekara albasarsa ta ruɓe a bakin ruwa yana jiran kwale-kwale, sai ga Baba ya iso da filafili, gumi ya jiƙa shi. Maimakon ya yi masa faɗa, sai ya tambaye shi me ya hana shi sa inji. Baba ya yi dariya ya nuna masa aljihunsa. Ba a daɗe ba mutumin ya sayar da shanun huɗarsa ya zo da inji a kafaɗa, Baba kuma ya sa masassaƙa suka haɗa masa babban jirgi. Daga nan suka ɗora. Katako ya ruɓe an canza, inji ya mutu an sake wani, su dai suna nan. Abin da Allah ya ba su da yamma su raba, kuma ban taɓa jin muryar ɗayansu ta tashi a kan haka ba. Wani abu da ke ba mu dariya shi ne yadda suke kiran juna. Baba ya ce, "Maijirgi, an tashi lahiya?" Shi kuma ya amsa, "Lahiya lau, Maijirgi."

Na girma, na yi aure, ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, lokacin da maganar lauya ta shigo gidanmu. Fasinja sun ragu, babura sun ɗauke rabin masu tafiya. Sai wani kamfanin casar shinkafa ya aiko wakilinsa yana neman masu jirgi da za su riƙa kwaso masa shanshera, shinkafar da ba a casa ba, daga fadamun Shanga. Aiki ne mai kyau. Amma wakilin ya ce ba sa hulɗa da mutum haka kawai, sai mai rajista, mai asusun banki da sunan sana'a, mai lambar haraji. Ya ce su nemi lauya ya shirya musu.

Baba ya dawo gida ransa a ɓace. A wajensa lauya na wanda ya yi kisa ne, ko wanda ya cinye amanar marayu yana neman mai wanke shi.

"Mi munka yi wa wani da za mu nemi lauya?" ya ce wa Inna. "In mutane sunka gan ni ƙofar lauya, mi za su ce?"

Yayyena maza da babban ɗan Baban Ngaski suka dage, har ya sauko. Sai kuma aka shiga gardamar ta inda za a bi. Ƙanin Baba ya ce akwai wani mai tebur a gindin bishiya kusa da kotu, yana buga takardun rantsuwa, ya san lauyoyi duka, a ba shi na goro ya haɗa mu da wani. Ɗan Baban Ngaski ya ce wannan tsohon yayi ne, shi ya ga wani a waya yana tallar kansa daga Abuja, ana tura masa kuɗi ya turo takardu, ba sai an ga juna ba. Baba ya ce mutumin da bai ga idonsa ba, ba zai ba shi sirrin jirginsa ba. Ni kuma na ce a je Birnin Kebbi a shiga ofishin lauyoyi kamar yadda kowa yake yi. Aka yi ta ja.

Inna tana gefe tana jera bandar kifi a kwando har kowa ya gaji. Sannan ta ce tsohuwar nan Bagunga da suke rumfa ɗaya a kasuwa, ai ɗiyarta barista ce a Birnin Kebbi, kuma takan zo gida ganin uwarta. Ta ce ta riga ta yi mata magana, an ce mu zo ranar Asabar.

"Mace?" in ji Baba.

"Mace," in ji Inna, ta ci gaba da jera kifinta.

Saboda haka aka ce in raka su. Ina jin Baba ya ga in da ɗiyarsa a gefe, kunyar za ta yi sauƙi.

A raina na shirya ganin mace mai baƙar riga da farar hular nan ta gashi. Da muka shiga gidan, sai muka tarar da wata 'yar siririya da atamfa da silifas tana wanke wa tsohuwar kwanuka a bakin rijiya. Ta goge hannu, ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaida dattawan biyu, ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar mangwaro, ta kawo ruwa. Ni ina ta duban ƙofar ɗaki ina jiran barista ta fito. Sai ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna gabansu, ta ce, "To Baba, ina jin ku."

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya canza ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta sa Turanci ko kalma ɗaya ba. Amma daga lokacin da ta faɗi haka, gidan ya yi tsit a kunnena. Idonta ya tsaya a kan mai magana kamar babu kowa a duniya sai shi. Baba da ya zo da niyyar faɗin kalma biyu ya tashi, sai ga shi yana ba ta labari tun daga albasar da ta ruɓe.

Da ya gama, ta ce kafin komai tana so su san yadda ake ɗaukar lauya, kada su shiga abin da ba su gane ba.

"Kamar jirginku ne, Baba. Akwai wanda zai zo ya shiga, ya biya kuɗin fito, a kai shi ƙetare ya sauka, shi ke nan. Haka wani yake zuwa wajena da tambaya ɗaya, in ba shi shawara, ya biya na zaman, mu rabu. Akwai kuma mai ɗaukar shata, ya ce ga kayana, ga inda za a kai, jirgi nawa ne har a sauke. To shi ne mutum ya ba ni aiki guda in riƙe shi daga farko har ƙarshe. Wani kuwa ɗan kasuwa ne da ya riƙe ku shekara, duk ranar da ya tashi kuna nan. Wannan sai wanda harkarsa ta yi yawa. Ku yanzu ba ku kai nan ba, kada in cuce ku."

Baban Ngaski ya dubi Baba, Baba ya dube shi. Na ga kafaɗun Baba sun sauka.

"Shata muka so," ya ce.

Ta faɗi ladanta a fili tun ba a tambaye ta ba, ta raba abin da yake nata da abin da za a kai wa hukuma, ta ce za ta rubuta su sa hannu, kowa ya riƙe nasa. Ta ce duk abin da suka gaya mata amana ce da doka ta ɗora mata, ko uwarta da ke zaune can ba za ta ji ba. Sannan ta yi tambayar da ni na ɗauka mafi sauƙi ce a cikin duka.

"Jirgin na wane ne?"

"Nashi na," in ji Baba, ya nuna abokinsa.

"A'a, nashi ne," in ji Baban Ngaski.

Ta yi murmushi, ta zaci ladabi ne irin na manya. Ta sake tambaya ta wata hanya. Baba ya ce katako ba ya tafiya sai da inji, inji kuwa shanun wancan ne. Baban Ngaski ya ce inji ƙarfe ne, in ka sa shi a ruwa nutsewa zai yi, jirgi da sanin ruwa duk na Baba ne, shi ɗan rakiya ne kawai. Abu kamar wasa sai muryoyi suka fara tashi. Mutanen da ban taɓa ganin sun yi musu ba, ga su suna neman ɓata wa juna rai, kowa na tura wa ɗan'uwansa dukiya. Baba har ya rantse.

Barista ta daina murmushi. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Na ga 'yan'uwa ciki ɗaya suna shari'a a kan katangar da ba ta kai tsawon tabarmar nan ba," ta ce. "Irin wannan ban taɓa gani ba. Baba, gobe jirgi yana da aiki?"

Aka ce babu, ba ranar kasuwa ba ce.

"To ina so a kai ni ruwa. Ba zan rubuta komai a kan jirgin da ban hau ba."

Washegari da hantsi, bayan Baban Ngaski ya fito daga coci, muka haɗu a bakin ruwa. Lokacin tafkin da madatsar ruwa ta tara ya cika ya batse, gonakin albasa na gaɓa duk sun shige ƙarƙashi. Inna ta ɗauro mana soyayyen kifi da dafaffen rogo. Barista ta tattare zane ta taka cikin jirgi ba tare da an riƙe ta ba. Ta zaga shi, ta taɓa inda aka yi faci, ta tambayi mutum nawa yake ɗauka, ina rigunan ruwa na fasinja, wa ke biyan gyara in inji ya tsaya. Muka tashi, mu huɗu.

Da muka fita sarari inda babu kututture, ta matsa can goshin jirgi wajen Baban Ngaski. Ƙarar inji ta rufe muryarsu, mu da ke baya bakinsu kawai muke gani. Sun jima. Na ga ya share fuska da hularsa. Daga nan ta roƙe shi ya karɓi inji, Baba ya zo gaba. Ta ce ni in tsaya baya, amma Baba ya ce in zo, ba ya ɓoye mini komai.

Tambayoyinta gajeru ne, kuma kowace tana tsaye a kan amsar da ta gabace ta. 'Ya'yanka nawa, Baba? Cikinsu wa ke shiga jirgi? Sauran me suke yi? Gonar abokinka tana nan? Wa ke nomanta yanzu? In yau jirgi ya tsaya, da me zai ci? Baba yana amsawa, yana amsawa, sai na ga ya juya yana kallon ruwa. Ita kuwa ba ta matsa masa ba.

"Ɗiyata," ya ce da ita a ƙarshe, "ni na tsufa. Ranar da na faɗi, malamai za su raba gado yadda Allah ya ce, kuma daidai na. Amma jirgi ba a yanka shi. Sai dai a sayar a raba. Wanga mutum ya bar gona saboda ni, ba shi da wata sana'a. In na ce nashi na tun ina da rai, ɗiyana ba su taɓa shi."

Ina ɗaya daga cikin 'ya'yan da yake nufi. Na zauna a kan wani buhu da babu komai a ciki, na rasa inda zan sa idona. Shekara da shekaru yana ɗauke da wannan a ransa, ko Inna bai gaya wa ba, wata baƙuwa ta ciro shi cikin tafiya guda, kuma ba ta tilasta masa ba.

Ta ce ta ji. Sannan ta tambaye shi wani abu daban. Ta ambaci sunan wani tsohon gungu, wato tsibiri, ta ce ko ya san inda yake. Baba ya ce duk mai fito ya sani, ai kusan kullum ta kansa suke wucewa. Ya koma ya karɓi inji, ya karkata jirgi, muka yi tafiya kaɗan, ya kashe.

Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa. Ruwa ta ko'ina, gaɓa ta zama siririn zare can nesa, sama da ƙasa kala ɗaya. Babu abin da ke motsi sai wasu fararen tsuntsaye da kainuwa 'yar kaɗan tana bin iska. Barista ta leƙa. Ta ce a nan ƙarƙashinmu aka haifi kakarta, kafin a yi madatsa ruwa ya hau a kwashe mutane zuwa tudu. Ta ce kakar tata har ta rasu tana kwatanta mata tsamiyar ƙofar gidansu da wurin da aka binne iyayenta, amma ita ba ta taɓa zuwa ba sai yau. Ta sa hannu cikin ruwan har gwiwar hannu, ta faɗi wasu kalmomi da Gunganci waɗanda ban ji ba. Baba ya ɗaga hannu ya yi addu'a, Baban Ngaski ya cire hula ya sunkuyar da kai. Na dubi ruwan, na yi ƙoƙarin ganin gari a ƙasa, da turmi da rumbu da hanyar rafi.

Ta goge hannunta a gefen zane, ta juyo. Muryar aiki ta dawo.

"Kowannenku ya gaya mini magana. Ba ni da ikon faɗa wa ɗayan sai da izini. Amma in kun yarda, gara kowa ya faɗa da bakinsa, a nan inda babu mai ji."

Baban Ngaski ne ya fara. Ya ce a wajensu in mutum ya mutu, 'yan'uwansa maza ne ke tsayawa a kan abin da ya bari. Nasa 'yan'uwan ba mugaye ba ne, amma ba su taɓa taka jirgi ba, abin da za su gani kawai kuɗin katako da inji. Matarsa kuwa ba ta da ƙarfi. Ya ce ya lissafa a ransa, in jirgi na Baba ne gaba ɗaya, ya san Baba ba zai bar matarsa da yunwa ba.

Sai Baba ya faɗi nasa.

Suka zauna suna kallon juna. Can Baban Ngaski ya fashe da dariya, hawaye na zuba, ya ce ashe tsoro ɗaya suke ji, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Baba bai yi dariya ba, ya miƙa hannu ya riƙe nasa.

Barista ta bar su sai da suka natsu. Sannan ta ce akwai hanyar da ba sai ɗayansu ya yi ƙarya don ya kare ɗayan ba. Za a yi wa sana'ar rajista ta zama kamfani. Jirgi ya zama na kamfanin, su kuma kowa yana da rabin kamfanin. In ɗaya ya rasu, magadansa rabin nan za su gada, su riƙa karɓar rabonsu na abin da jirgi ya samo, amma babu mai cewa a ciro masa katakonsa. Wanda ya matsu sai ya sayar, to wanda ke raye shi za a fara yi wa tayi. Rabin Baba, ta ce, malamai za su raba shi bisa shari'a ba tare da an taɓa ƙusa ɗaya ba, kuma tana so a kira malamin unguwarmu ya duba kafin a sa hannu. Baban Ngaski kuma zai iya barin wasiyya a rubuce, ya faɗi abin da yake so a yi wa matarsa.

"Wane ne shi kamfanin?" Baba ya tambaya. "Ni ko shi?"

"Ba kai ba ne, ba shi ba ne. A idon doka mutum ne na uku. Yana da suna, yana mallakar kaya, yana ƙulla alkawari, ana iya kai shi ƙara, shi ma yana iya kaiwa. Kuma ranar da ɗayanku ya rasu, shi yana nan."

"Subhanallahi," in ji Baba. "Wanda ba ya mutuwa Allah ɗai na."

"Yana mutuwa, Baba. Ranar da masu shi suka rufe shi, ya mutu. Ba ya dai bin ku kabari, shi ke nan."

Baba ya jinjina kai. Ni kaina da nake koyar da yara, ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan ba, cewa mutane sun zauna sun ƙirƙiro wani abu da baki da alƙalami, ba a ganinsa, ba a taɓa shi, amma yana iya tsare amanar tsofaffi biyu bayan ransu.

A hanyar dawowa muka buɗe ƙunshin Inna, nan ta shiga maganar haraji tana ɓare kifi da hannu. Baba ya ce shi fa yana fitar da zakka duk shekara, bai taɓa fashi ba. Baban Ngaski ya ce shi ma yana kai nasa coci lokacin kaka.

"Wannan tsakaninku da Allah ne," ta ce, "kuma ya fi nawa muhimmanci. Amma gwamnati ba ta gani a can."

Ta bayyana musu cewa na kamfani daban, na abin da kowa ya kai gida daban, izinin bin ruwa kuma daban. Ta ce ƙaramin kamfani irin nasu doka ta sassauta masa, amma sassaucin ba ya nufin a yi shiru, dole duk shekara a kai bayani ko da babu abin biya. Ta ce duk wanda ya tare su a gaɓa ya ce kuɗin kaza, su tambaye shi da ladabi wace hukuma ce ta aiko shi, su nemi rasit, in abin ya ɗaure musu kai su kira ta kafin su sa hannu a aljihu. Lissafin shekara kuwa ta ce ba aikinta ba ne, za ta haɗa su da akanta, kada su biya ta abin da wani ya fi ta iyawa.

Haka aka yi. Malamin unguwarmu ya zo ya saurara, ya yi tambayoyinsa, ya ce bai ga abin da ya saɓa ba. Takardu suka fito, aka buɗe asusu, jirgi ya fara jigilar shanshera daga Shanga. Ranar da Baba ya kai mata ladanta ya haɗa da ƙaton giwan ruwa. Ta karɓi kifin ta ce wannan na ɗiya ne, ta karɓi ladan ta ce wannan na barista ne, ta rubuta masa rasit. Da harka ta buɗe har suka ƙara jirgi na biyu, Baba da kansa ya ce yanzu kam a riƙe ta ta shekara.

Bayan wasu shekaru Baban Ngaski ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Baba ya yi ta kwasar masu zuwa jana'iza daga Yelwa, ya zauna a bencin baya na cocin ƙauyen marigayin da carbinsa a hannu har aka gama. Da kwanakin makoki suka wuce, 'yan'uwan marigayin suka taru a kan maganar dukiya. Barista ta zo da wasiyyar da ya bari, daga Wara a kan babur, ƙafafunta duk jar ƙasa. Ta zauna a tabarma cikin dangi, ɗan marigayin yana mayar da maganarta Kambarci. Babban wansu tsoho ne mai kaifin tunani, ya yi mata tambayoyi masu nauyi. Ya ce ta yaya takarda za ta fi al'adar kakanni. Ta ce ba ta zo ta raba su da al'ada ba, gona da rumbu da dabbobi marigayin ya bar su a hannunsu su yi yadda aka saba, rabin kamfani kawai ya keɓe wa matarsa da 'ya'yansa, kuma ga shaidun da suka ji daga bakinsa, ɗaya fastonsu ne. Ta karanta a hankali, tana tsayawa bayan kowace jimla. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ya ce to ai ƙaninsa ya yi magana da kansa, babu mai ƙarawa.

Yanzu yayana da ɗan marigayin ke tuƙi. Baba yana zama a bakin ruwa a ƙarƙashin rumfa yana ba su umarnin da ba su nema ba. Kwanan baya ina wajensa ya ce in kira masa Barista. Na kira, na sa masa wayar a kunne.

"Ɗiyata, tambaya gare ni. Shi wanga kamfani, yana iya yin sadaka?"

Na ji dariyarta daga inda nake. Ta ce yana iyawa, in masu shi duka sun yarda, a rubuta.

Baba ya aika wa matar marigayin, ita da 'ya'yanta suka ce sun yarda. Akwai yaran wasu tungayen masunta da ke zuwa makaranta a ƙetare, da can in ruwa ya cika sai su zauna gida. Tun daga lokacin jirgi ke biyawa ya ɗauke su da safe, kowa da rigar ruwa har gwiwa, ba a karɓar musu komai. Biyu daga cikinsu a ajina suke.